Saki Maɓallin, Ɗana

"Malam, ba wanda ya amsa mini!"

Haruna ke nan ɗazu a ɗakin ƙungiyarmu ta masu magana ta rediyo, nan Arlit. Bai daɗe da samun takardar izinin magana ta rediyo ba. Ya yi ta kira har ransa ya ɓaci. Na dubi hannunsa, ashe yana danne da maɓallin mikro.

Na ce, "Saki, ɗana. Muddin kana danne da shi, ko duniya ce ke amsa maka, ba ka ji."

Sai na lura da abin da na faɗa. Haruna sa'ana ne, ina ni ina ce masa ɗana? Maganar Baba Sanda ce, tsohon mai gyaran lantarkin kamfanin haƙar ma'adinai da ya koya mini rediyo. Ni har yatsa ya buge mini.

Da aikin kamfani ya tsaya, Baba ya koma Damagaram, ya bar mana rediyonsa.

Bayan Haruna ya fita, na kira Baba ta rediyo, na saki maɓallin, na daɗe ina saurare. Alhali na san rediyonsa ne a gabana.

Ku fa, muryar wa ta taɓa fitowa daga bakinku?