Kantar Yalwa a Bangon Allo

Duk Bahaushen da ya sauka Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in ya san Abdulrasheed kafinta, don a lokacin Hausawan garin ba sa cika sahu biyu a Masallacin Huaisheng. Ɗan Yakasai ne, gajere mai kaurin hannu, wanda ya gaji zarto da guduma a wurin mahaifinsa. Ba fatauci ne ya kai shi China ba. Wani alhaji mai safarar kaya ne ya ɗauko shi a 1997, don ya riƙa haɗa akwatunan katako da ake cika wa kaya a tura Legas. Mutumin kirki ne, ba ya cin abinci shi kaɗai, amma a kan sana'arsa kam taurin kai sai wanda ya gani. In ka ce masa ƙusar nan ta karkace, sai ya ajiye guduma ya tambaye ka ko a gidanku akwai kafinta.

Abin da ya fara ƙona masa rai a garin shi ne bango. Masu gidajen haya a unguwar Xiaobei sukan raba ɗaki ɗaya gida biyu da wani allon farar ƙasa mai rufin takarda, su shafe shi da fenti, ka rantse bulo ne. Ranar farko ya ɗauko ƙusar kankare irin ta gida ya kai mata guduma ɗaya, sai ƙusa ta shige gaba ɗaya, yana jin faɗuwarta a cikin bangon. Ya yi kwana uku yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa mutanen nan a cikin kwali suke kwana. Daga baya wani mai shagon kayan gini ya nuna masa abin da ake amfani da shi: wani guntun ƙarfe mai tsini da faffaɗan zare. Ba a huda masa rami. Ka ɗora tsinin a bango, ka murɗa da sukudireba, shi da kansa zai ci allon ya shige har ya yi daidai da fuskar bango, sannan ka ɗaura sukuru a cikinsa ka rataye kayanka. Abdulrasheed ya raɗa masa suna katantanwa, sunan kuma ya bi shi. Agogo da madubi da allon Ayatul Kursiyyu na ɗakunan fatake, duk shi ya kafa su, ba a kuma taɓa jin ko ɗaya ya faɗo ba.

Bayan shekara guda ya kawo matarsa Yalwa. Mace ce mai ƙarancin magana, kuma a unguwar kaf ba ta da 'yar'uwar hira. Ta kama dafa wa fatake shinkafa da miya, kullum da safe tana kasuwa da kwandonta, ta dawo ta hau girki. Wata bakwai da zuwanta aka bugo waya ofishin alhaji cewa Innarta ta rasu, har an yi sadakar uku. Ba ta ga gawa ba, ba ta zauna karɓar gaisuwa ba. Fatake suka zo suka yi addu'a a bakin ƙofa, suka tafi neman kayansu, aka bar ta da bango huɗu.

Da aka zo rabon gado ta aika cewa ita ba ta son komai sai tangaran ɗin jeren Inna. Wata Hajiya Jumai mai sarin atamfa ce ta ɗauko mata su daga Kano, kowanne a naɗe cikin tsohon zane: farantai da kwanuka masu murfi sama da sittin, farare da shuɗin fure a baki. Ɗakin ba shi da wurin jere, don haka suka zauna a kwali ƙarƙashin gado. Sau da yawa Abdulrasheed zai shigo ya tarar ta zaro ɗaya tana goge shi da gefen zanenta, in ta gan shi ta mayar da sauri. Abin yana cin zuciyarsa, shi kuwa bai iya lallashi da baki ba. Abin da ya iya shi ne katako.

Bai gaya mata ba. A wurin aikinsa ya haɗa kanta mai hawa uku da ƙyauren gilashi, irin wadda ya sha gani a ɗakin surukarsa. Kuma kada wani ya ce ganganci ya yi, wallahi bai yi ba. Wata rana bayan ta tafi kasuwa ya ɗauki kwalin ya kai ma'aunin kaya, ya ɗora har da kantar, aka samu kilo hamsin da biyar. Ya wuce shagon nan ya ce wa lawban, wato mai shagon, ya ba shi manyan katantanwa guda shida. Mutumin ya ce meyo, babu, huɗu suka rage. Da hannu da ido Abdulrasheed ya tambaye shi nauyin da kowace take ɗauka. Mai shago ya rubuta masa ashirin a jikin ledar, ya yi wani ɗan zane na rubutunsu a gefe. Ashirin sau huɗu tamanin. Ya ce a ransa har da rara.

Ya ƙwanƙwasa bango, ya ja layi, ya murɗa su ɗaya bayan ɗaya a hankali don kada allon ya rududduge, ya ɗora kanta ya jijjiga ta, ba ta motsa ba. Da Yalwa ta shigo ta gani sai ta ajiye kwando ta zauna a ƙasa. Ranar fatake ba su samu abinci ba. Wuni ta yi tana jere, manya a ƙasa, masu murfi a tsakiya, tana faɗa masa wanda aka kai Inna da shi ɗakin aure da wanda ta saya shekarar da aka haife ta. Tun rasuwar, ran nan ne ya fara jin dariyarta.

Kwana tara kantar ta yi a bango. Rana ta goma Juma'a ce, lokacin damshin nan da bangon garin ke gumi. Ya dawo daga masallaci ya tarar da maƙwabta a tsaye a matakala, kowa na kauce wa idonsa. A ciki, ramuka huɗu ne a bango, kowanne ya isa a zura dunƙulen hannu. Kanta na kife a ƙasa. Yalwa tana durƙushe tana tsince gutsattsari tana zubawa a zanen da aka naɗo su, yatsanta na jini ba ta ma sani ba. Ko ɗaya bai tsira ba.

Maimakon ya ba ta haƙuri, sai bakinsa ya kama kare kai. Ya ce cutarsa aka yi, ya lalubo ledar a akwatin aikinsa ya miƙa mata, ya ce ta duba da idonta, ashirin aka rubuta. Ta karɓa ta duba, ta ɗora yatsa a kan ɗan zanen nan na gefe.

"Malam, wannan ai alamar jin ce," ta ce a hankali. "Ita ce a kan shinkafa da nama a kasuwa. Jin biyu ne kilo ɗaya."

Ya tsaya yana kallonta. Kilo arba'in ke nan, ba tamanin ba. Shi aikinsa duk da kilo ake yi, bai taɓa sayen ko tumatir a garin ba. Da ya nuna mata ledar nan sau ɗaya, da shi ke nan.

"Da na tambaye ki," ya ce.

"Allah ne ya ƙaddara. Ɗaga ƙafarka, akwai wani guntu a nan."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Mako uku yana yawon kasuwannin tangaran da guntun faranti a aljihu, yana nuna wa masu shago, ana ce masa meyo. Tunaninsa shi ne, tunda daga ƙasar nan aka fara kai su Kano, dole a samu irinsu. Aka kuwa samu, a wani lungu wurin wata tsohuwa, fari da shuɗin fure, ba ka bambance su. Ya sayo iya abin da zai iya ɗauka, ya hau matakala da su yana haki, zuciyarsa na ce masa ya gyara ɓarnarsa.

Yalwa ta buɗe kwalin ta yi godiya, ta sa masa albarka. Ta kai su wurin famfo ta wanke tas. Da la'asar fatake suka zo cin abinci, sai ya ga ta zuba musu shinkafa da miya a cikinsu, wani har yana ƙwanƙwasa cokali a bakin faranti yana yaba kyansa. Abdulrasheed ya zauna da nasa a gaba ya kasa kai loma. Na Inna sun yi shekara talatin da wani abu a duniya, abinci bai taɓa shiga ko ɗayansu ba.