Opal Ba Yunwa Take Ji Ba

A kan tsauni aka haifi Delbert Haskew, can bayan garin Garberville, inda kwalta ke ƙarewa. Ubansu Orville wiwi yake nomawa tun zamanin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma an ɗaure shi ɗin. Ranar da jirgin 'yan sanda ya sauka a gonar aka tafi da shi, Delbert ko tafiya bai iya sosai ba. Uwarsu Opal ta kama aiki a gidan abinci, yayarsa Marlys kuwa aka cire ta daga makaranta ta zauna rainonsa. Ba ta sake komawa aji ba.

Da Orville ya fito, ɗansa namiji ya ja zuwa gona. Marlys iyakarta kicin. Abu uku ya dasa wa yaron a ka: ganye in ya yi rawaya yunwa yake ji, a ba shi taki, kayan aiki a goge shi a ajiye a bushe, reshen irin gidan nan kuma ba ya fita hannun kowa, ko da ɗan uwa ne. Irin nan shi ya haɗa shi da kansa, gajere mai ƙamshin lemo da na itacen tsaunin da ake kira fir, ya sa masa sunan matarsa.

Delbert ya yi rayuwarsa a kan maganar nan uku. Ya ɓuya a daji, ya yi aure ya rabu, ya binne iyayen duka biyu. Sai gwamnati ta halatta abin. Mutane suka yi ta murna, shi ma ya yi. Ba a daɗe ba masu manyan rumfunan noma suka cika kasuwa, wiwi ya zama kamar ciyawa, waɗanda suka sha ɗauri a kansa su ne aka fara turewa gefe. Ya sayar da tsaunin. Gobarar daji kuma ta cinye rumbun da kwalaben irin suke ciki kafin ya gama kwashe kaya. Abin da ya sauko da shi garin Eureka tukunya ɗaya ce, da Opal a ciki.

A garejin gidan haya ya ajiye ta, ƙarƙashin fitila, fanka na kaɗa ta. Ba ya barin ta yi fure, uwa ce, daga jikinta ake yankar reshe a dasa. In ta mutu, irin Orville ya ƙare a duniya.

Da kaka ta kama, ganyen ƙasa suka fara rawaya, jijiyoyinsu kore, tsakaninsu fari-fari. Delbert ya ce yunwa ce. Ya je shago ya sayo kwalbar taki. Bayan kwana biyu sai ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Ya ce to wata yunwar ce daban, ya sayo wata kwalbar. Karan ganyen ya koma shuɗi-shuɗi, bakin ganye ya ƙone ya nannaɗe. Ya ƙara takin kifi. Kowace safiya in ya gama shan kofi, sai ya juye mata garin da ya rage a gindi, yadda ubansu yake yi a gona.

Ya san da maganar tsamin ƙasa, ba wai bai sani ba. Yana da ma'auninsa, wani abu kamar biro, a tsoma bakinsa a ruwa ya nuna lamba. Kullum ya tsoma, lambar lafiya lau. Ya goge shi tas da gefen riga, ya mayar aljihu kusa da wuƙarsa.

Wata ranar Lahadi Marlys ta zo da rana, da jan kabeji a jaka da tsiran alade. Tun da ya sauko gari take zuwa ta dafa masa, don ta san in ba haka ba burodi da kofi zai rayu a kai. Ta leƙa gareji.

"Kai Del, wannan ita ce Maman? Ta fi kyau ranar da muka binne ta."

"Fita min daga nan, Marlys."

"Warin kifi har titi. Maƙwabta za su ce gawa ka ɓoye."

"Na ba ta komai," ya ce, bai ko juyo ba. "Duk abin da ake ba shuka na ba ta. Ci take kamar ba ta ci."

"Kamar kai kenan kana yaro. In ɗura maka, ka amayar min a riga."

Ta koma kicin ta tafasa kabejinta, ta tsiyaye ruwan a wani farin kwano cikin wurin wanke-wanke. Ruwan shuɗi ne mai duhu. Can sai ga Delbert da kwalba a hannu, cike da ruwan da ya tsatso daga gindin tukunyar Opal. Ya tsoma ma'auninsa, ya duba, ya yi tsaki.

"Ga shi nan. Daidai. Kullum daidai, ita kuma tana mutuwa."

Ya juye kwalbar cikin wurin wanke-wanken da haushi, rabi ya faɗa kwanon. Ruwan kabejin nan take ya washe, ya koma ja-ja kamar ruwan alewa.

Marlys ta tsaya da cokali a hannu. "Me ka zuba min? Ruwan tsami?"

"Ruwan tukunya ne."

"Ƙarya kake. Shekara nawa ina jiƙa kabeji a kwalba? Abu mai tsami ne kaɗai ke mayar da shi haka." Ta ɗebi sauran ruwan kabejin a kofi biyu. Ɗaya ta tara masa ruwan famfo, ya zauna shuɗinsa. Ɗayan ta ɗiga masa abin da ya rage a kwalbarsa, ya yi ja. Ta ajiye su a gabansa. "To, malam manomi. Kai da bironka, wa ke ƙarya?"

Delbert ya ɗauko ruwan tsami na girki daga kan kanta, ya zuba a murfi, ya tsoma ma'aunin. Lambar ta ɗan motsa kaɗan, ta dawo inda take. Ya juya abin a hannunsa. A jikin murfinsa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta a riƙa ajiye bakin cikin ruwansa, kada a bari ya bushe. Shi kuwa tun ranar da ya saye shi yake goge shi.

Ya zauna a kan kujera.

"Ba yunwa take ji ba," ya ce a hankali. "Ƙasar ce ta yi tsami, saiwar ta kasa ɗaukar komai. Abinci na gabanta, bakinta a ɗaure. Ni kuma ina ta ƙara mata abin da ke ƙara tsamin."

"A tsauni ai haka Baba yake yi."

"A tsauni ruwan sama na wankewa, Yaya. Ƙasa ce har iya ganinki. Nan tukunya ce. Duk abin da na zuba yana nan yana jiran ta."

Rabon da ya kira ta Yaya tun suna yara. Ta kashe murhu ta bi shi gareji.

Suka ɗauki tukunyar zuwa bahon wanka, suka yi ta kwarara mata ruwa mai kyau har na ƙasa ya daina canza launin kabeji. Da suka zare ta don sauya ƙasa, saiwar ta fito ruwan kasa, tana wari, tana tsinkewa a hannu. Delbert ya daɗe yana kallo. Sannan ya zaro wuƙarsa ya yanke 'yan rassan sama da suka rage da kore, ya tsoma su a ƙananan kofuna.

Opal ba ta tashi ba. Ganyen suka zube ɗaya bayan ɗaya, karan ya bushe. Ya fitar da ita bayan gida da kansa, bai bari Marlys ta taya shi ba. Rassan ma yawancinsu suka lanƙwashe suka ruɓe. Biyu ne suka tsaya.

Wata safiya ya kira ta a waya, ya ce ta zo. Ta same shi a gareji, ya ɗaga kofi sama yana nuna mata farar saiwa siririya kamar zare ta leƙo ta ƙasa. Marlys ta buga ihu har karen maƙwabta ya amsa. Ta rungume shi, ta daddaki bayansa, tana dariya tana share ido.

"Ta rayu! Ɗan banza, ka ga ta rayu!"

Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki kofi ɗaya ya miƙa mata.

"Tafi da wannan gidanki."

Ta ja hannunta baya. "Baba ya ce reshe ba ya fita."

"Baba ya ce abu uku. Biyu sun kashe ta." Ya tura mata kofin a tafin hannu. "Ban yarda da hannuna ba kuma. Ki sa ta a taga. Kada ki ba ta komai sai ruwa, sai kin tambaye ni. A'a, kada ma ki tambaye ni."

Marlys ta riƙe kofin da hannu biyu. Shekara sittin da wani abu tana gidan Haskew, yau ne aka fara ba ta abin gonar ta taɓa. Ta sa shi a kujerar gaba ta mota, ta ɗaura masa bel, ta ja a hankali kamar mai ɗauke da jariri, tana waƙa har gida.

Delbert ya koma gareji. Ya zaro ma'aunin daga aljihu ya jefa a kwandon shara, ya ja kujera gaban kofin da ya rage. Ganye ɗaya na ƙasa ya ɗan yi rawaya. Kwalaben taki na jere a kan kanta, kusa da hannunsa. Ya tura hannayen biyu ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kansu.