Ranar da Muka Cika Tankin Unguwarmu

Ni ce na jawo, ba wani ba, gara in faɗa tun da wuri.

Shekarar da wani kamfanin kwamfuta daga ƙasar waje ya turo mana ma'aikatansa uku, ina sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a nan Keffi. Aikin sa-kai suka zo yi na wata ɗaya. Za su zana taswirar duk wani bohol da ke garin: mai aiki a ɗiga masa kore, matacce a ɗiga masa ja. Da jajayen za a fara idan an tashi gyara. Oga ya haɗa ni da mace ɗaya tilo da ke cikinsu, wata doguwar injiniya mai saurin tafiya kamar an biyo ta. Ni da ɗan jikina, kullum ina baya ina haki.

Bohol ɗin unguwarmu, cikin tsohon gari, ya daɗe da mutuwa. Inna, mahaifiyata, da ciwon gwiwarta take zama a zaure tana jiran 'yan ga-ruwa. Da na ga sunan unguwar a jerin ranar Laraba, daɗi ya kashe ni. Na kira ta.

“Inna, jibi zan kawo baƙuwa, Baturiya. Don Allah kada a ba ni kunya.”

Shara nake nufi, wallahi, da ɗaure awaki.

Muna isa ranar Laraba na ga an share fili fes, an shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya sha babbar riga. Injiniya ta murɗa kan famfo. Sai ga ruwa shaa! Har ya jiƙa mata takalmi. Mata suka ɗau guɗa. Ita kuwa ta yi murmushi, ta ɗiga kore a 'yar kwamfutarta, muka yi gaba. Ni dai na bi ta, baki buɗe.

Da yamma na koma gida a fusace. Ashe Inna ce ta kai wa mai unguwa magana, aka tara 'yan ga-ruwa da kurarsu, aka kafa tsani, jarka bayan jarka har tankin bohol ɗin ya kai rabi.

“Inna, me kuka yi haka? Kun san kore ta sa mana? An cire mu daga gyara!”

“Ke kika ce kada a ba ki kunya,” in ji ta, ko a jikinta. “Mutum ya taso daga uwa duniya, ya zo ƙofar gidanki, ki nuna masa busasshen famfo? Haka na tarbiyyantar da ke?”

Kwana biyu ina juya abin. Raina ya ɓaci, kuma dariya na cin raina. Ranar Asabar da safe na tari injiniya a masaukinsu na zayyana mata komai da Turancina na ofis. Ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce to ai wannan ya warware mata wani abu: a wata unguwar ma ta ga famfo yana zuba alhali babu wayar wuta ko ɗaya a jikin injin. Amma fa, in ji ta, ba za ta sauya launi da maganata kaɗai ba, tunda ni ma'aikaciya ce kuma unguwarmu ce. Sai ta gani da idonta, ta kuma ji daga bakin mai zama a wurin.

Muka hau Keke Napep, ba sanarwa. Famfo ya bushe ƙayau, akuya na kwance a gindinsa. Muka shiga gida muka tarar da Inna tana wanke-wanke da ɗan ruwan da bai kai rabin bokiti ba. Kallon da ta yi mini, har yau ina jin sa.

Injiniya ta durƙusa ta gaishe ta da “ina kwana” ɗin da na koya mata, sannan ta ce in tambaye ta yaya ruwa a unguwar.

“Alhamdu lillahi,” in ji Inna. “Muna cikin rufin asiri.”

“Inna,” na ce, “abin da kika faɗa shi zan juya mata, ba ƙari. In kin ce lafiya, to lafiya za ta rubuta, kuma jibi za su miƙa rahoto.”

Ta dubi bokitin. Ta dubi baƙuwar, wadda ke durƙushe har lokacin. Ban taɓa jin Inna ta ce wa baƙo “babu” ba tun da na yi wayo, ko da kuwa tukunya a kife take. Ta goge hannu da bakin zane, ta daɗe tana gogewa.

“Ki gaya mata damina biyu ke nan ba mu ga ɗigo ba,” ta ce a hankali. “Ki gaya mata gwiwata ta gaji.”

Na juya wa injiniya da Turanci, hawaye na neman kunyata ni. Injiniya ta taɓa kwamfutar, ta juyo da ita Inna ta ga jan ɗigon.

“To, an gama tona mu?” in ji Inna. “Tashi ki dama mata kunu. Da ruwan nan za ki dama, kwanukan su jira.”