Anti Desley, Mai Janye Mushe Daga Hanyar Eromanga

Anti Desley Harrigan ba ta barin garinmu Quilpie sai rana ta ɗaga sosai. Takan loda wasiƙu da magunguna da kayan gyaran inji a bayan a-kori-kurarta, ta cika fulas da shayi, sannan ta zauna bakin gidan waya tana jira. Duk wanda ya tambaye ta me take jira, amsarta ɗaya ce: "Kangaru su gama karin kumallo tukuna." Daga nan sai ta kama hanyar Eromanga, gona bayan gona. Haka take yi tun kafin a haife ni, har ƙarshen watan jiya da ta ajiye aikin.

Kai saƙo aka ɗauke ta yi. Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa wani aiki ne da babu wanda ya sa ta. Duk mushen kangarun da tirelolin shanu suka bari a kan kwalta, sai ta tsaya. Ta sa safar hannu, ta laluba jakar cikin uwar ko da ɗa mai rai, ta ɗaura igiya a ƙafa ta ja mushen can cikin daji, sannan ta fesa masa fenti ruwan hoda don na baya ya san an duba. A shekarun fari, lokacin da 'yar ciyawar da ta rage wa kangaru sai ta bakin kwalta, tsayuwarta ba ta ƙirguwa.

Mushe yana kiran mikiya, mikiya kuma in ta ƙoshi ba ta iya tashi da wuri. Sai mota ta zo dab take buɗe fiffike, daidai gilashin gaba. Hanyar nan kuwa ita motar 'yan makaranta take bi safe da yamma. Wannan shi ne dukan dalilinta, kuma ba ta cika faɗinsa ba.

Ba kowa ke gode mata ba. Na taɓa yin aikin shinge a gonar Clarrie Dunstan, ɗaya daga cikin ayyukan da na kama na saki, kuma da kunnena na ji su a bakin ƙofa.

"Ke Desley, gidan waya ke biyan ki ko hankaki?" in ji Clarrie. "Famfona ya tsaya tun jiya, shanu na kuka, ke kina can kina yi wa mushe kwalliya!"

Ta miƙa masa kwali ta taga. "Ga bel ɗin famfonka, tsohon rigima. Da tun bara ka canja shi, da shanu sun huta, ni ma na huta da bakinka."

"Wata rana sai na kai ƙarar ki."

"Rubuta mana. Ni zan kai maka takardar, in na gama da mushe."

Duk yaron garinmu da ya sami lasin tuƙi, sai ta tare shi a gidan mai. Ni ma ban tsira ba. "Ɗana, in kangaru ya faɗo gabanka, taka birki ka riƙe sitiyari a miƙe. Kada ka kauce. Mota ana gyara ta. In kuma ka ga ɗaya ya tsallaka, na biyu yana bayansa, ba su da hankalin jira." Mukan ce to, Anti, muna kallon wayoyinmu.

Bara bayanta ya riƙe, aka kwantar da ita a asibitin Charleville. Wanda ya riƙe mata aikin yana kai saƙo a kan kari, kowa ya ji daɗi, Clarrie har ya yi ta yabo a mashaya. Mushe kuwa ya yi ta taruwa. Wata safiya Clarrie ya fito zuwa gari, mikiya ta tashi a gabansa, ya yi abin da aka hana yara: ya karkatar da sitiyari. Motar ta wuntsila ta kwanta a kwari. Narelle, direbar motar makaranta, ita ta fara iske shi, yara cike a bayanta. Ta gaya min cewa ta ce su rufe ido, ba wanda ya rufe. Ta ce, "Da ƙaramar cikinsu ba ta ɓata min lokaci tana neman takalminta ba, mu ne a wurin kafin shi."

Clarrie ya rayu, amma ƙugunsa bai koma daidai ba. Yau da sanda yake tafiya.

Anti Desley, ke ce kika koma hanyar nan da ciwon bayanki, alhali likita ya ce kada ki ɗaga ko bokitin ruwa. Ke ce ba ki taɓa ce wa Clarrie "ka gani ko?" ba. Mai igiya, mai share hanyar da ba taki ba. Narelle ta ce sau da yawa takan hango ki daga nesa, kin dafa jikin mota kina jiran numfashi ya dawo, kafin ki sake sunkuyawa. Warin da ke bin tufafinki har cikin kanti, mun toshe hanci mun yi dariya, ba mu taɓa tambayar me ya hana mu wuntsilawa ba.

Ranar sallama aka taru a mashaya. Sabon mai kai saƙo ya faɗa a fili cewa jan mushe ba ya cikin aikinsa, ita kuma ba ta ga laifinsa ba. Aka ce ta yi jawabi, ta ce ba ta iya ba. Sai ta ɗora wani buhu a kan tebur. Igiyoyinta ne, duka, ta yanka su gunduwa-gunduwa, kowace da madauki a baki.

"Ni dai na gaji," in ji ta. "Kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda ba zai tsaya ba ya bar ta a nan, kada ya ɓata min igiya."

Clarrie ne ya fara jan sandarsa zuwa teburin.

"Da wane ƙugu za ka ja, tsohon rigima?"

"Da mota zan ja. Ke dai ba ki taɓa yin dabara ba, shi ya sa kullum kike makara."

Ba zan yi ƙarya in ce kowa ya ɗauka ba. Buhun bai ƙare ba. Makon jiya na bi hanyar, na ga mushe a kan kwalta da mikiya a kansa, kuma sawun tayoyi ya nuna motoci da dama sun zagaye shi sun wuce. Amma can gaba, kusa da ƙofar gonar Clarrie, akwai wani da aka ja har cikin daji, an fesa masa fenti a karkace, kore, irin wanda ake yi wa shanu alama.

Mun gode, Anti Desley. Allah ya ba bayan nan naki hutu. Ku kuma masu bin hanyar Eromanga, ku jira rana ta ɗaga, ku rage gudu in ta yi sanyi, in abu ya faɗo gabanku ku taka birki a miƙe. In kun ga mushe, ku tuna motar Narelle tana tafe a bayanku. Sauran igiyoyin suna nan cikin buhu a bayan kantar mashaya, an ce ba za a zubar ba.