Ƙurar Madubin Dama

Madubin dama na babur ɗin ne ya fara tsaya wa matar Sannu-Sannu a rai. Na hagu kullum fes yake, an goge shi da gefen riga har yana ƙyalli. Na daman kuwa ƙura ta kwanta a kansa, ya ma sunkuya yana kallon ƙasa, haka yake kwana yake wuni ba mai ɗago shi. Alhali mijin nata mutum ne da ko tsuntsu ya ɓata masa tanki sai ya tsaya ya goge.

Abokan sana'arsa ne suka laƙa masa Sannu-Sannu, a bakin kasuwa inda masu babur ɗin haya ke jiran fasinja. Tun yana saurayi yake wannan aiki, ba a taɓa ganin ya ƙure maleji ba. Matasa suna tsokanarsa, wai akuya mai ciki ma tana wuce shi a hanya, shi kuma ya yi dariya ya ce su je, zai tarar da su a asibiti ya yi musu sannu. Mata masu juna biyu da tsofaffi masu ɗauke da ƙwai shi suke jira. Duk sabon shiga sai ya sha huɗubarsa: ɗaure igiyar hular kwano, duba madubi kafin ka karya kwana, kada ka yarda da gefen tirela.

Sau ɗaya ya karya dokar da kansa. A ƙarshen damina aka aike shi sayen magani nan kusa, ya ɗora hular bai ɗaure ba. Yashi ya kwashe masa taya a kwana, hular ta yi nata wuri, gefen goshinsa na dama ya daki bakin kwalbati. Aka ɗinke, kumburi ya saɓe, ya ƙi komawa asibiti ranar da aka ce ya koma, ya ci gaba da aiki.

Daga nan ne ƙananan abubuwa suka fara. Yau ya dawo gwiwar wando a yage, gobe sigina a fashe, wata rana ya ce wani mai baro ne ya faɗo masa ba sallama. Matar tasa tela ce, a ɗakinta take ɗinki, kuma ita ke faci. Ta lura duk wandon da ta ɗora a kan keke, ƙafar dama ce.

Yayarsa da ta zo duba shi ta ja ta gefe. "Ke, ki buɗe ido. 'Yan babur ɗin nan ƙwaya suke haɗiya kamar gyaɗa. Ki laluba aljihunsa."

Maƙwabciya kuwa ta leƙo ta kan katanga da nata fassarar. "Wace ƙwaya? Namiji in ya fara karo da baro, wata ce a ransa. Duba wayarsa, 'yar'uwa, ni na ga irin wannan."

Ta laluba aljihun, tana jin kunyar kanta: asuwaki da ƙaramin sifana. Ta duba wayar yana wanka: bakanike, mai facin taya, sai tsohuwar da yake kaiwa kasuwa. Hankalinta bai kwanta ba, sai ma ƙara tashi da ya yi, domin kowace safiya a bayan wannan babur yake ɗora Autarsu ya kai ta makaranta, kuma sai sun tsallake babban titi inda manyan motoci ba sa rage gudu.

Sai ta bar tambayar mutane ta koma kallo. In ya zauna a tsakar gida, bango yake sakawa a damansa. In ana masa magana ta wannan gefen sai ya juyo da wuyansa gaba ɗaya, kamar mai ciwon kafaɗa. Ran nan ta ajiye masa kofin shayi dab da gwiwarsa ta dama, ta koma kan kekenta tana satar kallo. Shayin ya gama tururi ya huce.

"Telata, yau shayin yajin aiki yake yi ne?"

"Ga shi nan kusa da kai, Baban Auta."

Ya waiga, ya ɗauka da sauri. "Ke ma dai, sai ki ajiye abu kamar ɓarauniya."

Ta yi murmushi, amma zaren da take ƙoƙarin zurawa ya ƙi shiga allura.

Washegari da safe ya fito da babur ƙofar gida ya tayar. Auta ta haye baya da jakarta, ta rungume cikinsa. Matar ta fito riƙe da ƙaramar hular yarinyar. Maimakon ta zagaya ta hagu yadda ta saba, sai ta tsaya a damansa, kusa har gefen mayafinta na taɓa birki. Ta miƙa hular daidai kafaɗarsa, ta ɗora yatsa a leɓe don kada Auta ta yi magana.

Ya goge madubin hagu da hannun riga. Ya duba agogo. Ya danna ham, ya ɗaga murya yana fuskantar cikin gida.

"Maman Auta! Ina hular yarinyar nan? Za mu makara fa!"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, ga Mama nan a jikinka!"

Ya juyo a hankali. Suka dubi juna. Injin yana ta kaɗawa a tsakaninsu.

"Tun yaushe?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe me? Ke dai kin cika zargi. Ran nan kin birkice min aljihu, kin zaci ban gane ba?"

"Na birkice. Ban sami komai ba, shi ya sa na fi jin tsoro. Rufe idonka na hagu ka faɗa min launin mayafina."

Bai rufe ba. Ya zuba wa tanki ido.

"Kamar hayaƙi ne," ya ce daga baya. "Da farko gefe-gefe, yanzu ya cike. In aka ji a tasha, wa zai ƙara hawa bayana? Me za mu ci?"

"Kekena bai mutu ba. Kuma ba mu ji ta bakin likita ba tukuna, kai ka yanke wa kanka hukunci." Ta ɗora hannu a kan jakar yarinyar. "Komai ma a yi shawara. Amma wannan ba za ta tsallake titin can a bayanka ba."

"Shekara da shekaru ban taɓa kayar da kowa ba."

"Na sani. Kai kake cewa a duba madubi kafin a karya kwana. Dubi naka."

Ya dubi madubin daman, sai da ya karkato da fuska gaba ɗaya kafin ya same shi. Ya sa yatsa ya ja layi a kan ƙurar. Maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko lafiya, matar ta ce mata mai ne ya kusa ƙarewa.

Sannu-Sannu ya murɗa makulli, injin ya yi shiru. Ya sauke Auta, ya tura babur ɗin cikin gida ya jingine, ya rufe shi da tsohon buhu. Ya ce wa matar ta nemo masa katin asibitin nan kafin ya dawo. Sannan ya rataya jakar makarantar a kafaɗa, ya kama hannun yarinyar suka kama hanya a ƙasa. Da suka kai bakin lungu ya tsaya, ya mayar da ita hannunsa na hagu.