Ranar da Saude Mai Awara ta Kira Sunan 'Yarta

Duk wanda ya san sakandaren 'yan mata ta garinsu, can wajejen Burumburum, ya san Saude mai awara. Kullum tana gindin darbejiyar bakin ƙofa da kaskonta. Awarar kuwa, Allah na tuba, ba wani daɗi gare ta ba, rabi ƙonewa take yi. To, ina za ta yi daɗi? Hannu na kan kasko, ido na kan tagar aji biyu.

'Yarta ta fari, Lubna, ita ce a ajin. Malamai ba su ma sani ba, don Saude rainon kakarta ce, Bafulatanar Falgore, kunyar 'yar fari a jininta take. Tunda ta haifi yarinyar ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ko zancenta aka ɗauko, tashi take yi.

Bara ciwon ya fito fili. Lubna ta yi kwanaki ba barci, sai surutu da dariya, har aka tsinto ta a hanyar Falgore ba takalmi, wai za ta je ta yi wa namun daji wa'azi. Bayan nan ta kwanta shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, ko ruwa sai an ɗura mata. Likita a Kano ya ce ba aljanu ba ne, ciwo ne mai hawa da sauka. Ya ba da magani, ya ce a gaya wa makaranta: ban da duka, ban da ɗora mata nauyi, ta sha ƙwayar rana a kan lokaci, in ta fara hawa a bar ta ta huta. Wa zai je ya faɗa? Balarabe mijinta yana Kudu ci-rani. Saude ta sayi kasko ta zauna gadi.

A makon nan ta ga alamar. Yarinya ta fito hutun tara tana zuba kamar rediyo, ido na ƙyalli. Ga Malam Ghali mai koyar da Alƙur'ani yana ta murna, wai Allah ya yi wa ɗalibarsa buɗi, shafi uku take haddacewa a zama ɗaya. Har ya sa ta a musabaƙar Tudun Wada, ya ce ta rage barci ta ƙara tilawa. Wayyo! Hanyar Falgore kawai Saude take gani, da manyan motocin da ke sheƙa gudu a kanta.

Ta bar mai a wuta, ta shiga ofishin Malam Ghali, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, a kan yarinyar nan ne. Ba buɗi ba ne, ciwo ne. Don girman Allah a cire ta."

"Wace yarinya ke nan, Baba? Yara sun fi ɗari a nan."

"Wadda dai... ta musabaƙa."

"Su huɗu ne."

In Saude ta faɗa, tana tsoron a ce mahaukaciya a kore ta. In ta yi shiru, ta san inda za a tsinto ta. Ta runtse ido.

"Lubna. 'Yata ce. Lubnata."

Sai kuka. Ta zazzage masa duk abin da likita ya ce. Malam ya daɗe yana salati. "Subhanallahi, ni ke hura wutar ashe." Ya aika aka kira Malama Ramla, malamar ajinsu, aka ba ta ajiyar maganin, aka ce a shimfiɗa tabarma a ofishinta don ranakun hawa. Musabaƙa kuma sai wata shekara.

Da Saude ta miƙe, sai ga yarinyar tsaye a bakin taga. Ta ji komai. Saude ta san yadda yarinyar ta ƙwallafa rai a kan tafiyar nan. Ta jira ihu, ko gudu.

Lubna ta matso.

"Inna, sake faɗa."

"Me?"

"Sunana. Ban taɓa ji a bakinki ba."

A waje awara ta ƙone ƙurmus, hayaƙi har cikin ofis.