Motar Tsere da Danƙon Kofato

A shekarar da aka mai da tuƙin mota hannun dama muna zaune a Rogo, ni da maigidana. Shi malamin firamare ne, ni kuwa 'yar Karaye ce, ban cika shekara a ɗakina ba. Muna haya a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, ciki da falo mai rufin kwano, murhuna yana gefen tsakar gida kusa da nata. Ina da ƙaramin ciki, na fari, laulayi kuwa ya sa ni gaba. Ko daddawa aka buɗe a maƙwabta sai na ji ta a maƙogwarona.

Ana cikin haka Malam ya dawo daga wani kwas na hutu da ya je Zariya, rungume da kwalaye uku. Na ɗauka tsarabata ce, har na shimfiɗa tabarma. Ashe wani Ba'amurke ne da ya koya musu lissafi zai koma ƙasarsu, ya baza kayansa ya ce kowa ya zaɓa. Wani ya ɗauki rediyo, wani fitilar gas, wani bargo. Mijina ya tsallake duk waɗannan ya ɗauko kwalaye.

A bayan kowane kwali akwai hoton mota, irin ta shiga ta masu kuɗi, sai dai an zana mata ƙatuwar lamba a ƙofa da kan rufi, jikinta kuma ya cika da tallan man inji da na taba sigari. Ya ce motocin tsere ne, a can ƙasar ana sa su su yi ta zagaye fili ɗaya tun hantsi har yamma, mutane na kallo. Na tambaye shi ina suke zuwa. Ya ce ba ko'ina, inda suka tashi nan suke tsayawa. Da ya buɗe kwalin ban ga mota ba. 'Yan tarkacen roba ne farare maƙale a jikin sanduna, kamar ƙashin kifin da aka cinye aka bari. Ya ce ai haɗawa ake yi, kuma nan daɗin yake. Ya ɗago wani ɗan zobe da bai kai kwabo ba ya ce sitiyari ne, a hagu yake, kin ga mutanen nan sun riga mu.

Malam ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Amma tun daga ranar kayana suka tashi daga nawa. Farantin da gwaggota ta saka mini a kayan ɗaki shi ya zama mazubin tayoyi da kujeru. Rezata ta yankan farce, allurata, tsinken da nake tsifa da shi, duk suka koma falo. Moɗar da muke shan ruwa a cikinta yake jiƙa takardun lambobin har su saki, ya liƙa a jikin motar, sannan ya mai da moɗar kan randa ba ko ɗauraya.

Duk wannan da sauƙi a kan gam ɗin da yake liƙa tarkacen da shi. A cikin 'yar matsa yake, kamar man goge baki. Da ya buɗe ta sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika ɗakin, ya ratsa labule ya same ni a gado, ya hau mini kai. Na fenti kuma ya biyo baya. Kullum in ya dawo daga makaranta ya yi azahar, sai ya rufe taga wai kada ƙura ta bata masa aiki, ya duƙufa har la'asar ta kusa kuɓuce masa. Ni kuwa ina bayan ɗaki ina kelaya amai. Ba zan iya gaya masa dalili ba, don a lokacinmu mace ba ta buɗe baki ta ambaci cikin fari, ko ga mijinta. Shi kuma ya ɗauka shawara ce, ya sayo mini saiwoyi a kasuwa ya koma kan motarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannunsa. Gam ɗin yakan bushe a yatsunsa ya zama wata fata ta biyu, yana zaune yana ɓare ta da haƙori yana tofarwa a kan tabarma. Ƙananan kayan da yake tsoron su ɓace kuwa a bakinsa yake ajiye su, tsakanin leɓe da dasashi, kamar mai cin goro. Sai ina yi masa magana ya sa yatsa ya zaro fitilar mota jiƙe da yawu. Wata rana da ya gama cin tuwo na ɗauko kwanon, na ga ɓawon nan na yatsunsa yana yawo a kan ragowar miya, da ɗigon jan fenti a gefen malmala. Na yi kwanaki ban kalli miyar kuka ba.

Motar farko dai ta haɗu, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. Ja ce mai farin rufi, har da ɗan inji a ƙarƙashin murfin da ke buɗuwa. Ya ture kwanukana na jere ya ɗora ta a tsakiya. Na yi hamdala a zuciyata, na ce an gama. Washegari ya buɗe kwali na biyu.

Yana tsakiyar ta biyun gam ya ƙare. Ya tsaga matsar da reza ya kankare cikinta, bai isa ba. Ya ba direban motar kasuwa saƙo zuwa Kano, aka dawo aka ce ba a san irinsa ba. Ya jiƙa ƙaro ya gwada, da ya bushe sai kayan suka zube. Ya gwada kokon rogo, ya gwada farin ƙwai. Ni ina ta murna a ɓoye, har na fara cin abinci yana zama.

Sai wani kafinta a bakin kasuwa ya gaya masa yadda su suke yin nasu danƙon: kofaton sa da guntayen fata, a jiƙa su sake, sannan a dafa har su narke. Ranar kasuwa Malam ya shigo da ƙunshi a cikin takardar siminti, jini na ɗiga, ƙudaje na biye da shi tun daga mahauta. Ya duba ya duba, bai ga abin da ya yi masa ba sai tukunyar miyata. Ya zuba kofatan ya cika ta da ruwa, ya rufe da faifai ya kai bayan ɗaki, daidai ƙarƙashin tagar da nake kwana.

Bazara ce, kowa ya san zafin da ake yi kafin ruwa ya sauka. Kafin a je ko'ina ruwan ya yi kore, ya kumbura, yana tsattsafo da kumfa ta gefen faifan. Maƙwabta suka fara leƙen rijiya ko wani abu ne ya faɗa ya mutu. Ungulaye suka zo suka jeru a kan katanga. Ranar da ya ɗora tukunyar a murhuna, ɗoyin da ya tashi ban taɓa jin irinsa ba, ko a majema. Yana tsugune yana juyawa da muciyata, idanunsa na hawaye, yana cewa ya kusa. Tsutsotsi suna tasowa sama yana kwashe su da ludayi yana watsa wa kaji.

Iya ta fito daga ɗakinta da gefen zani a hanci. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce:

"Malam, in mushe za ka dafa, ai da ka fita da shi bayan gari. Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce, ko ba ka da ido?"

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi ƙofar ɗakina. Ina jin a ranar ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, yau ɗaya ce. Ya kuwa ƙarasa dahuwarsa. Da yamma ya sayo mini tsire, da hannun da ya juya tukunyar ya miƙo mini, na karɓa na gode, na ba jikan Iya.

Abin da ya fito baƙi-baƙi ne mai yauƙi, in ya huce ya daskare kamar romon ganda. Ba ya kama roba sosai, don haka sai ya riƙa lafta shi da yawa, ciki da waje, yana ɗaure kayan da zarena har su bushe. A haka ya gama ta biyun, shuɗiya, ya shafe tabon da fenti ya ajiye ta kusa da 'yar'uwarta. Daga nesa ba ka bambance su. In ka matso kuwa hancinka zai gaya maka.

Damina ta sauka, ɗaki ya yi sanyi. Na lura shuɗiyar ta fara gumi, wani farin gashi na fumfuna yana fitowa ta gefen ƙofofinta. In na zo goge kwanukana sai na ji motsi a cikinta. Na gaya masa sau ɗaya, ya ce roba ce take saki saboda laima. Ban ƙara ba, na dai kwashe kwanukan da ke kusa da ita.

Wata Juma'a ya gayyato hedimastansu da wani malami da ke koyarwa a Zoza su zo su ci abinci su ga aikinsa. Na daure na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, har da kabewa da tantaƙwashi, tun safe nake kanta. Na kai falo na koma ciki na zauna a bayan labule, inda nake hango su. Sun wanke hannu sun fara ci ke nan Malam ya kasa haƙuri, ya miƙe ya sauko da motocin. Suka yaba jar. Hedimasta ya ce lallai Bature ba ya zama banza. Sai mijina ya durƙusa a tsakiyarsu da shuɗiyar a hannu, daidai saman kwanon miya, ya ce wannan ta fi wuya, su tsaya su ga injinta. Ya sa farce ya ɗaga murfin.

Murfin ya taho gaba ɗaya a hannunsa, da zaren yauƙi a jikinsa. Kyankyasai suka ɓarke daga ciki, manya da 'ya'yansu farare da ba su yi ƙwari ba, wasu suka bi hannun rigarsa, wasu suka zuba cikin miya. Ƙasan motar ya saki, tayoyi da kujeru da wani baƙin gari na kashinsu suka bi bayansu. Malamin Zoza ya yi baya da sauri yana kakkaɓe wando.

Hedimasta bai motsa ba. Ya ce subhanallahi a hankali, ya sa yatsu biyu ya tsamo kyankyasan da ke iyo ɗaya bayan ɗaya yana yarfarwa a kan tabarmata, ya tsamo taya ya miƙa wa mijina. Sannan ya ce abinci ba ya laifi, ya yanki loma ya dangwala ya kai baki. Ina ji yana taunawa. Ban san lokacin da na tashi ba, na dai ga kaina a bakin kwata, Iya na riƙe da goshina tana zuba mini ruwa a ƙeya.

Da baƙin suka tafi Malam ya tattara abin da ya rage na shuɗiyar a takarda ya kai juji. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa kai, ya ce shi abin da ya ba shi haushi, da ya ƙara mata kwana biyu a rana da ba ta yi haka ba. Na dube shi. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa mai da masa magana ba sai ranar.

"Malam, kwali ɗaya ya rage. In za ka buɗe shi, ka bari sai na bar garin nan."

Da safe na ga ya ɗaure kwalin a bayan kekensa ya tafi da shi makaranta, jar kuma ya sa ta a aljihun babbar riga. Na ji daga baya a ofishin hedimasta suka haɗa ta ukun tare, da gam na gaske da aka samo musu daga Zariya.

Iya ce ta aika Karaye, ba da sanina ba, ta ce a zo a ɗauke ni goyon ciki tun lokaci bai yi ba, don na rame har wuyana ya fito. Gwaggota ta zo da kanta. Ta shiga ɗakin ta shaƙa, ta fito ta sa aka kwashe tabarmi da labule aka shanya, ba ta tambayi kowa komai ba. Malam ya rako mu tasha yana ɗauke da akwatina, ya yi ta ba gwaggo haƙuri ba tare da ya faɗi laifin ba, ita kuma tana cewa ba komai, ai zama ya gaji haka.

Muka sami wuri a gaban wata tsohuwar motar kasuwa, kusa da direba. Hanya duk taɓo, muna tafe muna tsayawa ana turi. A wani ƙauye gwaggo ta saya mini dafaffiyar gyaɗa sabuwar haƙa, mai gishiri. Na ci ina jiran amai ya taso, bai taso ba. Kafin mu shiga Karaye na cinye tawa na cinye tata.